Kalmomin Jawa a Bakin Kogin Haɗeja

Yayana Alhaji Gwadabe ya yi shekaru a Makka yana yi wa alhazan Jawa jidon ruwa, ya dawo Haɗeja da yarensu a baki, ba abokin yi. Mu masunta ne. Da ya fara, sai kowa ya tuna yana da koma da zai ɗinke.

Sai ga wani Bature an turo duba ambaliya, wanda ya taɓa aiki a ƙasar Malaya, inda ake jin yaren nan. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kullum la'asar suna gindin tsamiya.

"Alhaji, a Malaya alƙali ake kira hakim."

"Mu kuwa hakimi mai riƙon ƙasa ne. Duk a rijiyar Larabci aka ɗebo, kowa ya zuba a tulunsa."

Sabulunmu sabun ne a can, labari kabar, fitina kuma a wurinsu ƙazafi ce. Yaya ya dinga dariya har da hawaye. Ni dai haushi nake ji.

Lokacin ana yaƙin Turawa, ana kamen samari zuwa haƙar kuza a Jos. Namu, har da Bakari, ɗan Yaya tilo, suna ɓoye a wani tudu can tsakiyar fadama.

Na ce, "Yaya, rage sakin jiki da mutumin nan."

Ya ce, "Auta, mai neman sani ba a rufe masa ƙofa. Kuma ya ci tuwona."

Bature ya ce yana son sunayen tafkunanmu, ya ji ko akwai mai kama da na Malaya. Mu kuwa ba ma faɗin sunan ruwa daga tudu, sai an kai mutum ya gani. Yaya ya sa shi a kwalekwale, suka bi mashigi-mashigi. Mashigi guda kaɗai Yaya ya kauce wa, ya ce can ba komai sai sauro. Bature ya yi murmushi, bai sake tambaya ba.

Ranar Laraba da hantsi masu kame suka miƙe sak cikin mashigin nan da Yaya ya kauce wa. Aka fito da samarin ɗaure a igiya guda, iyaye mata na kururuwa. Bature yana kan doki, ko kallon Yaya bai yi ba.

Da Bakari ya zo daidai da mu, ya ja ya tsaya. Bai yi kuka ba.

"Baba, sun ce kai ka nuna musu hanya. Da gaske ne?"

Yaya ya buɗe baki. Aka fizgi igiya.