Ƙasa Mai Damshi a Hannun Maharazu

"Ku buɗe! Ku buɗe ƙofar nan, ƙasa tana zubo min!"

Ihun ya tsallako katanga ya sami Baba Jaji yana alwalar la'asar. Ya saki buta. Muryar Maharazu ce, maƙwabcinsa mai haƙar rijiya, wanda ciwon ƙirji ya kwantar tun kafin azumi.

Shi Jaji, a tambayi kowa a Limawa, ba ya cikin masu tsoro. Agana ta kama shi ta sake shi. Yunwa ta share ƙauyensu ta bar shi a tsaye. Mota ta kife da shi a hanyar Taura, ya fito yana kaɗe riga. Ko ƙofar makarantar boko bai taɓa takawa ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Amma ran nan sai da ya dafa bango sannan ya iya shiga gidan.

Mata sun cika tsakar gida. An ja ƙyauren ɗaki, an toshe taga da tsumma kada iska ta bugi majinyaci, an turara hayaƙi, yadda aka saba yi wa mai jin jiki. A ciki, babban ɗan Maharazu, Abdurrahim, wanda ya shiga aikin hisba tun da aka ƙaddamar da shari'a, yana durƙushe a kunnen uban.

"Baba, ka ce La'ilaha illallah. Baba!"

Ina! Maharazu bango yake yaƙushi, idanu a waje.

Jaji ya san inda mutumin yake. Shekarun baya rijiya ta rufta da shi a Buji. Samari suka tsaya kallon juna, Jaji ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya tono shi. Tun daga nan Maharazu bai ƙara kwana a rufaffen ɗaki ba. Aka ce aljanin rijiya ne, aka sha rubutu har aka gaji. Sai bayan Dutse ta zama babban birnin jiha aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Sista Mahbuba, mai duba masu ciwon damuwa. Ba allura take masa ba. Zama suke, ta saurare shi, ta koya masa in firgicin ya taso ya bi numfashinsa da hankali, ya lura da abin da hannunsa ke taɓawa. Jaji ya sa mata suna likitar hira.

Inna Kubura, matar Maharazu, ta tare shi tana rawar murya. "Baba Jaji, ya kasa kalma. Kada ya cika a haka. Na aika a kira 'yar asibitin nan."

Ba ta rufe baki ba Mahbuba ta yi sallama, hijabi a kan fararen kayan aiki. Abdurrahim ya leƙo.

"Sista, yanzu ba lokacin hira ba ne. Kalma muke nema masa."

"Ni ma ita na zo nema masa, Malam. Amma ba ya cikin ɗakin nan, yana cikin rijiyar Buji. Sai ya fito zai ji ka. A kawo shi waje."

"A fito da mai gargara tsakar gida?" in ji wata tsohuwa. "Gari ya ce mun wulaƙanta shi?"

Jaji ya ture ƙyauren. "Wancan karon da na fito da shi, izinin wa na nema? Kai, ustazu, kama ƙafafu!"

Suka shimfiɗe Maharazu a inuwar darbejiya, gefen rijiyar da shi da kansa ya haƙa wa gidan. Mahbuba ta tsugunna nesa kaɗan.

"Baba Jaji, ɗora tafin hannunsa nan, inda ruwan guga ke zuba."

Ya ɗora.

"Baba Maharazu, ni ce Mahbuba. Me ke ƙarƙashin hannunka?"

Sai haki, kamar ana shaƙe shi.

"Kada ka yi kokawa da tsoron, Baba. Bar shi ya zauna gefe. Kai dai gaya min, wace irin ƙasa ce?"

Yatsun suka motsa. Suka murza, irin murzar da suka yi shekara da shekaru a gindin rijiyoyin mutane.

"Yashi..."

"Busasshe?"

"Da damshi. Akwai laka a ƙasansa."

"To ƙasar nan, a samanka take ko a ƙarƙashinka?"

Ƙirjin ya tashi, ya sauka, ya sake tashi a hankali.

"A ƙarƙashi. Ita ke ɗauke da ni."

"Madalla. Ja numfashi, ka bi shi har ya fita. Me kake ji a kunnenka?"

"Kurciya." Ya ɗan juya ido. "Da Jaji, yana huci kamar jakin 'yan yashi."

"Ni? Zafi ne, ɗan banza," in ji Jaji, yana share fuska da hula.

Maharazu ya damƙi ƙasar. "Jaji, inda za ku kai ni ma ƙasa ce."

Mahbuba ba ta yi masa musu ba.

"Haka ne, Baba," ta ce. "Me kake so a yi maka?"

"Jaji ya sauka ya karɓe ni. Ya taɓa bangon tukuna. In ƙasar mai zubowa ce, kada ya yarda."

"Ni zan sauka," in ji Jaji. "Wa ya isa ya riga ni?"

Mahbuba ta miƙe ta ja baya, ta yi wa Abdurrahim alama da kai. Ya matso. Wannan karon bai ɗaga murya ba, faɗa kawai ya yi kamar mai yi wa kansa. Leɓɓan uban suka bi shi, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Kafin inuwar darbejiya ta kai bakin zaure, numfashin ya fita bai dawo ba.

A maƙabarta samari suka so hana tsoho sauka. Ya harare su. Ya shiga ramin, ya shafa bango dama da hagu, ya murza. Ƙasa ce mai riƙe kanta, da ɗan sanyi. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Miƙo min shi."

Da ya dawo ya shiga yi wa Inna Kubura gaisuwa, sai ya ga ƙwarya a kife a bakin rijiya. Ya sa sanda ya ɗaga gefenta. Shatin tafin hannun Maharazu yana nan, yatsu biyar a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kaji na ta tono a kusa. Ya mayar da ƙwaryar, ya ɗora mata dutse.