Tsumman da Ya Shaƙe Janwe

Ranar da aka yi wa janwe sabis, Mode ya lura kifayen da ke jikin tsumman Ɗanladi sun ragu. Shuɗiyar atamfa ce mai zanen jajayen kifi, ankon bikin Lubna, 'yar Ɗanladi ta fari. Da zanen uwar amarya ya koɗe sai ya gangaro gareji ya zama abin goge hannu. Ɗanladi kuwa yana da ɗabi'ar duk bakaniken da ya san yashin Sakkwato: in ya kwance bututu sai ya yagi tsumma ya cusa a bakinsa don kada ƙasa ta shiga, in ya tashi ɗaurewa ya zare.

"Kai dai sai ka cinye kihin ga duka," in ji Mode. "Zahra'u har gobe tana ɗaura nata zuwa suna."

"Matarka ta iya tattali. Shi ya sa tat tattale ka, da tuni an kai ka bola," Ɗanladi ya amsa, kansa na cikin injin.

Haka suke tun suna samari a unguwar Gidan Dare, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Mode ne direban farar hayis ɗin Alhaji Dodo, wadda aka yi wa ƙugiya da sarƙa a baya ta zama janwe, tana jawo motocin da suka mace a hanya. Shekara goma sha bakwai sitiyarinta na hannunsa. Shi ne ma ya fara kai motocin Alhaji garejin Ɗanladi a Sabon Gari, har suka zama su ne abincin garejin. Amma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Alhaji, harka ta koma hannun ɗansa Jamilu, wanda ba ya rabo da zancen wani sabon gareji a Arkilla inda ake duba mota da kwamfuta. Sau biyu yana faɗa a gaban mutane cewa kuskure ɗaya kawai yake jira ya kwashe motocinsa.

Kwana biyu bayan sabis Mode bai ji wani abin a zo a gani ba, don ba ta ja kaya ba. Ta ɗan yi nauyi a ƙafa, ya ɗora wa zafin bazara. A rana ta uku aka kira shi gadar Kwalkwalawa, jif ɗin wani abokin Jamilu ta tsaya. Ya ɗaura sarƙa, ya kama hanyar cikin gari. Suna fara hawan tudu janwe ta nuna halinta. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai gurnani, baƙin hayaƙi na tuƙuƙi daga salansa yana rufe gilashin jif. Ya dawo giya biyu, ya dawo giya ɗaya. Keke ya wuce su. Wani mai amalanken albasa ya jera da su yana yi musu sannu. Abin da ya fi tsaya wa Mode a rai shi ne shirun tobo, wannan katantanwar ƙarfe da ke hura wa injin iska. Kullum in janwe ta ɗauki kaya yakan ji siririn fito daga gare ta. Ranar bai ji ba.

Abokin Jamilu ya ɗauki abin a waya, kafin azahar rabin gari ya gani.

Washegari da hantsi Jamilu ya taso Mode a gaba har gareji. Rana ta riga ta fara dukan kwano. A ƙarƙashin dogon yaro akwai Habila mai walda da wasu direbobi uku masu jiran gyara, kuma duk sun ga hoton.

"Oga Ɗanladi, ka duba min motag ga a gabana," in ji Jamilu. "Ni dai na san abin da ni ka zargi. An ba mutum kuɗin gidan mai, shi kau shi ratse wurin 'yan bumburutu shi sha gurɓataccen gas."

"Haba Alhaji ƙarami," Mode ya ce. "Ni?"

"Ban kira sunan kowa ba, Baba Mode. Kai kat tanka."

Ɗanladi ya nufi motar. Ya tada injin ya kasa kunne, ya ce a tsaye lafiyarta lau. Ya taka totur sau uku, ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya duba baƙin da ya manne masa. Ya buɗe filtar iska, wadda shi da kansa ya sa sabuwa, ya ɗaga ta a rana ya mayar. Ya kwance filtar mai ya tsiyaye a gwangwani, ya shafa a yatsu ya sansana. Mode na kallon fuskarsa, ya ga bai yamutsa ta ba, sai ya ji numfashinsa ya ɗan sauka. Sannan Ɗanladi ya zura yatsa a bakin tobo ya juya farfelar ciki. Ta juya sumul, ba ta karkaɗa.

"Tobo dai lahiya take," ya ce kamar da kansa yake magana. "To iskan ina shi ka zuwa?"

Wayar Jamilu ta yi ƙara, ya koma inuwa yana amsawa. Mode ya zagaya ɗaya gefen motar ya riƙe wa abokinsa fitila, kamar yadda ya saba. Ɗanladi ya bi babban bututun da ya tashi daga tobo zuwa ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin. Ya sassauta ɗaurin, ya murɗe bututun ya fita. Ya leƙa. Sai hannunsa ya tsaya cak.

Da yatsu biyu ya jawo shi. Dunƙulen tsumma ne, iska ta tura shi har bakin lagireton ta danne, ya yi fai-fai, mai ya jiƙa shi. Duk da baƙin da ya yi, hasken fitila ya nuna wutsiyar jan kifi.

Mode ya buɗe baki zai yi dariya. Har ya shirya tsiyar da zai yi masa ta shekara guda. Amma da Ɗanladi ya ɗago suka haɗa ido, dariyar ta maƙale. Bai taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar abokinsa ba. Ɗanladi ya waiga inuwa, ya ga Jamilu ya ba su baya, sai ya tura tsumman a aljihun rigar aikinsa. Ya mayar da bututun ya ɗaure tam.

Mode ya ce a ransa, ba komai. Zai ce ɗauri ne ya sassauta, ko wata roba ce ta tsage. Bakanike ba ya rasa abin faɗi, shi kuma ba zai tona shi ba.

Jamilu ya dawo yana sa waya a aljihu. "To, mi yas same ta?"

Ɗanladi ya daɗe yana kallon gwangwanin man da ke ƙasa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ba na son jan zance," in ji Jamilu. "Kwana huɗu da sabis. Ko aikinka na, ko man da a ka zuba mata. Ba na uku. In aikinka na, ka hwaɗi yanzu, yau ɗin ga in aika a kwashe sauran motocin."

"Aikina ba shi da matsala, ranka shi daɗe."

"To?"

"Mai na," Ɗanladi ya ce a hankali. "Man ba shi da kyau. Ya toshe filta."

Ƙarar waldar Habila ta tsaya. Mode ya dubi fitilar da ke hannunsa. Ya kashe fitilar, ya sake kunnawa, bai san me ya sa ba.

"Ɗanladi," ya ce, "ka dai duba bututun can da kyau?"

"Na duba. Ba komi ciki."

"Ka tuna dai."

"Na ce ma ba komi."

"Ka ji tsoron Allah, Ɗanladi! Da idona nig ga ka hiddo tsumma cikin bututun ga. Wanda kac cusa ran sabis kam manta. Alhaji ƙarami, shina cikin aljihunai, a duba!"

Kowa ya juya. Ɗanladi bai yi gardama ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tsumman, ya warware shi a gaban jama'a, ya shiga goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga?" ya ce. "Habila, shekara nawa kana ganin tsumman ga hannuna?"

Habila ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai tun bayan bikin Lubna nake ganin kifin nan."

Ɗaya daga cikin direbobin ya fashe da dariya. "An kama bakanike da tsumma! Gobe sai a kama mahauci da wuƙa." Sauran suka ɗauka. Mode ya dube su, mutanen da ya sha jawo motocinsu daga daji cikin rana, ya ga haƙoransu kawai.

"Ku dubi yadda yaj jiƙe da mai," in ji Mode. "Ku dubi shatar bakin bututu a jikinai."

"Tsoho, ya isa," in ji Jamilu. Kalmar "Baba" ta faɗi daga sunan, ba ta kuma dawo ba. "Sata daban, ƙazafi daban, kai ka haɗa biyu. Ɗanladin da ko jiya shina ce min in yi haƙuri da kai." Ya juya ga Ɗanladi. "A zubar da man duka. A sa sabon filta. In ta tashi, mun san mai gaskiya."

Mode ya san za ta tashi. Ya tsaya yana kallo Ɗanladi ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance tanki, gas mai kyau, garai-garai, wanda Mode ya saya shekaranjiya a gidan man da ya saba, yana zuba a daro. Aka kawo jarka biyu daga gidan mai aka ɗura. Aka ɗaura wata matacciyar a-kori-kura da ke gefen gareji a ƙugiya. Jamilu da kansa ya hau ya ja. Tun kafin ya kai kwanar titi Mode ya ji shi, siririn fiton nan da ya yi kwana huɗu yana kewa. Janwe ta fizgi kayanta kamar ba ta ɗauki komai ba, salansa fes.

Jamilu ya zagayo ya tsaya, ya sauko yana murmushi. Direbobin suka tafa wa Ɗanladi. Wani ya ce, "Injiniya ba kwamfuta!"

"Zo nan," Jamilu ya ce wa Mode, yana nuna daron. "Tsoma hannu ka sansana abin da ka ka ba motar ubana."

"Alhaji ƙarami, ni nik koya ma tuƙi."

"Shi ya sa ban kira 'yan sanda ba. Tsoma."

Mode ya durƙusa. Ya tsoma hannu biyu, ya kai hanci. Gas ne, ba abin da ya same shi. Yana cikin haka ya ji ƙyas ɗin waya. Jamilu ya ɗauke shi hoto, a durƙushe gaban daro, furfurarsa a waje don hularsa ta zame.

"Wanga na zauren masu motoci na," in ji Jamilu, yana latsa waya, "don kak wani shi ɗauke ka bai san ko wa kake ba. Babana kau zan hwaɗa mai da kaina. Shekara sha bakwai yana kiran ka ɗan'uwa, Allah kaɗai yas san abin da kac ci." Ya kaɗa makullin da ke hannunsa. "Akwai na biyu wurinka. Kawo."

Mode ya ciro shi daga igiyar da ke wuyansa. Mai ya sa yatsunsa santsi, kullin ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ba wanda ya taimaka masa. Ya miƙa, Jamilu ya karɓa da bakin yatsu.

Aka kira azahar a masallacin bakin titi. Mutanen inuwa suka miƙe suna neman butoci, suna ci gaba da zancen mai amalanken albasa. Jamilu ya dafa kafaɗar Ɗanladi ya ce Litinin za a kawo tifa biyu, sannan ya koma wayarsa.

Mode ya buɗe ƙofar janwe. Ya zaro dardumarsa daga bayan kujera, ya kwance carbin da ke rataye a madubi, ya ɗauki kofin silbar da Zahra'u take zuba masa kunu. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa. Ya rufe ƙofar a hankali, don ya san ba ta son bugu.

Da ya juyo sai ya ga Ɗanladi a bayansa, su biyu kawai, motar ta kare su daga idon mutane.

"Mode," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutum goma sha ɗaya ka ci daga garejin ga. Kai ka sani. Ka bari ƙura ta lahwa, ni da kaina zan biɗo ma wata motar. In sha Allahu ba ka kwana biyu zaune."

Mode ya dubi hannuwansa. Gas na ɗiga daga yatsunsa yana ɓata gefen darduma. Ɗanladi ya ga haka, kuma da yake hannu ya saba, sai ya laluba aljihu ya miƙo masa abin goge hannu.

Mode ya dubi tsumman. Kifi biyu da rabi ne suka rage a jiki, baƙar da'irar bakin bututu ta kewaye su. Ɗanladi ma ya duba, sai a lokacin ya ga abin da ya miƙa. Hannunsa ya tsaya a iska, bai janye ba, bai kuma ƙara miƙawa ba.

Mode ya gyara hularsa da bayan hannu. Ya maƙale darduma a hammata, ya ratsa tsakanin matattun motoci, ya fita ta ƙaramar ƙofar baya wadda ba ta bi ta masallaci.