Wakilin Hanci

A garinmu babu abin da ba a tura wa wakili. Ɗaurin aure wakili, ta'aziyya wakili, suna wakili, har zagi na taɓa ganin an aika da shi ta bakin wani. Amma ban taɓa zaton za a tura wakilin hanci ba, sai da tarin nan ya shigo Makarfi lokacin saran rake.

Tari ne mai naci, ga zazzaɓi ga ciwon ƙirji. Ya kwantar da mutane a nan, ya kwantar a Kudan, ya bi hanyar Ikara har Saulawa. Wasu tsofaffi sun tafi da shi, Allah ya jiƙan su. Da abin ya yi yawa sai manya suka yi abin da suka fi ƙwarewa a kai, suka kafa kwamiti. Mutum uku aka zuba, don kada wani gari ya ce an raina shi: Alhaji Tukur na Makarfi shi ne shugaba, sai Alhaji Mamuda daga Kudan, da Malam Abdurrahman daga Ikara. A zamansu na farko, ko lemon da aka kawo musu ba su shanye ba suka gano mai laifi. Wai ƙanena Salmanu.

Salmanu mai shayi ne a bakin kasuwar rake. Ni ce yayarsa Wasila, ina suyar ƙosai a gefen teburinsa. Hujjar kwamiti ita ce direbobi da masu lodin rake na garuruwan uku duk a kofunansa suke sha, kuma a bokiti ɗaya yake ɗauraye su. Haba jama'a! Wane mai shayi ne a ƙasar nan yake da bokiti biyu? Suka ce kuma yana tari. To wa ba ya tari? Aka kife teburin, aka ɗaure masa ƙafafu da igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Teburin nan shi ne gonar Salmanu, shi ne shanunsa. Da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa, ba shi da ko kunyar masara ɗaya a bayan gari. Ranar na yi masifa har muryata ta dushe, babu wanda ya ko waiwayo.

Ana cikin haka sai ga Dakta Hafiza da ma'aikatanta daga wani ɗakin bincike a Zariya. Yarinya ce doguwa mai sanyin magana. Ta tara mutane ta yi bayani, ni ma na ajiye kasko na je. Ta ce kowace ƙwayar cuta tana da rubutu a cikinta, dogon layi na haruffa. In ta fita daga jikin wani ta shiga na wani tana ta hayayyafa, wani lokaci sai harafi ɗaya ya canza, 'ya'yanta kuma su gaji canjin. Su suna da na'urar da ke karanta rubutun nan gaba ɗaya, sai su gane wace ce uwa, wace ce 'ya, wace ce jika. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, ashe cuta ma tana da tsagar gado. Dakta ta ce kusan haka ne, Inna.

Ta ƙara da cewa ba mai laifi suka zo nema ba, hanyar da cutar ke bi suke so su gane don a tare ta. Wannan ɓangaren babu wanda ya ji shi. Alhaji Tukur ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce madalla, yanzu na'ura za ta raba gardama. In an sami tsatson cutar a hancin mai shayi, ya bar kasuwar nan har abada. In ba a samu ba, a kwance masa teburinsa. Kuma don a san kwamiti ba ya tsoron gaskiya, su ukun ma za su ba da nasu hancin a gwada.

Aka tafa masa. Sannan ya ga tsinken.

Tsinke ne mai auduga a baki, tsawonsa ya fi yatsa. A gabansa aka zura wa wani ƙaton mai lodi shi a hanci. Hular mutumin ta faɗi, hawaye suka zubo masa, ya yi atishawa har da majina a gemu, yara suna dariya. Na ga fuskar Alhaji ta canza. A ce shi, mai surukai a unguwa uku, yarinya sa'ar 'yarsa ta ɗaga masa haɓa ta tura masa hula baya? Ya duba agogo ya ce yana da wani zama, zai dawo.

Bai dawo ba. Sai ya aika aka kira masa Bilya.

Bilya dillalin rake ne, kuma wakilin kowa. Duk sunan da Alhaji bai je ba, Bilya ne ya ci naman. Alhaji ya ce masa ya je ya ba da hanci da sunansa, ai ma'aikatan baƙi ne, ba su san fuskar kowa ba. Da sauran biyun suka ji dabarar ta waya, su ma suka ce Bilya ya haɗa da nasu. Bilya ya ce an gama, ranku ya daɗe. Abin da ba su sani ba, Bilya ko allura ya gani sai an riƙe shi. Ya fita neman wanda yake da hanci kuma ba shi da aikin yi. Duk Makarfi a lokacin rake mutum ɗaya ne ba shi da aikin yi, kuma su suka mayar da shi haka.

Wawan ƙanen nawa ya yarda. Wai in ya yi wa Alhaji hidima ƙila ya tausaya masa. Bilya ya ara masa babbar riga da hula, ya saka masa takunkumin rufe baki da hanci, ya ɗora shi a bayan babur. A Makarfi ya ja takunkumi ƙasa kaɗan, ya zama Alhaji Tukur. A Kudan ya zama Alhaji Mamuda. A Ikara ya zama Malam Abdurrahman, har wani ma'aikaci ya durƙusa masa ya roƙi addu'a, ya kuwa yi masa. Ya dawo gida hanci ya kumbura ya yi ja kamar tattasai.

Da aka aiko cewa layi ya zo kansa, shi Salmanu na gaskiya, sai ya rantse ba za a yi masa na huɗu ba. Ya ce in manya suna da wakili, shi ma ɗan halak ne. Ya lallaɓa maigidana Sama'ila, mutumin da tun da na aure shi ban taɓa jin atishawarsa ba, ci da barci kawai. Ni ban ji labarin ba sai da aka gama. Na zage su tas, shi da maigidan nawa, har maƙwabta suka leƙo.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji Salmanu, yana danne tari da citta a baki. "Hancin ne ya gaji."

Ba a daɗe ba Dakta Hafiza ta dawo da sakamako. Aka cika filin kasuwa. Ta manna wata babbar takarda a bango mai zanen bishiya, da gindi da rassa, kowane reshe da ɗige-ɗige. Ta nuna reshen da ya tafi Kudan har Taba, ta nuna wanda ya tafi Ikara ya rabu biyu. Ta ce duk dangi ɗaya ne, kuma mafi kusa da kakarsu su ne ɗigo uku da ke can gindi. Ta ce ba ta kiran suna, ƙa'idar aikinsu ke nan.

Alhaji Tukur ya ce a'a. "'Yata, nan ba Zariya ba ce. Mu kwamiti ba mu da abin ɓoyewa. Kira namu, kira na mai shayi, kowa ya ji."

Ta tambayi sauran biyun, suka ce sun yarda. Ta tambayi Salmanu, ya gyaɗa kai.

"Na Malam Salmanu ba mu sami komai a ciki ba," in ji ta. "Ko alamar ƙwayar babu."

Ta juya ga manya, da ladabi har tana ɗan rusunawa.

"Ukun nan na gindi naku ne, Baba. Kuma abin ya ba ni mamaki. Rubutunsu iri ɗaya ne harafi da harafi, sai ka ce daga hanci ɗaya aka ɗebo. Da alama kuna yawan zama kusa da juna. Amma ku fahimce ni, wannan ba ya nufin ku kuka..."

Wa ya tsaya jin ƙarshen? Kasuwa ta ɗauka. Masu lodi suna ihu, mata suna guɗa, wani ya ce ashe a ɗakin taron kwamiti ake kiwon cutar. Na ga Alhaji ya juya ya kalli Bilya. Bilya ya kalli ƙasa, sannan idonsa ya zame ya faɗa kan jan hancin Salmanu. Alhaji ya bi idon. Wallahi na ga lokacin da ya gane.

Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa ya kori ƙanena. Amma fa kafin nan dole sai ya amsa a gaban surukansa cewa tsinken auduga ya tsorata shi, cewa ya yi wa jama'a ƙarya bayan sun tafa masa, cewa mai shayin da ya kife wa tebur shi ne ya je ya zama Alhaji Tukur. Ya daɗe a tsaye yana murza carbi. Sannan ya ce cuta ta Allah ce, ba ta barin babba ba ta barin yaro, a kwance wa yaron nan teburinsa.

Dakta ta roƙi manyan uku su zauna a gida su huta. Ta kwashe ma'aikatanta daga bakin kasuwa, inda suke ta faman raba takunkumi da sabulu, ta mayar da su unguwannin Alhazai, tunda nan bishiya ta nuna.

Washegari da safe Salmanu ya kafa tebur, ya hura wuta, butar shayi tana tafasa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba, har ƙosai na ƙara wa mutane kyauta. Sai ga motar Dakta ta tsaya. Ta fito ta gaishe ni, ta gaishe shi, ta tambayi iyali. Ta ce an zalunce shi, kuma tana so mutane su ga ta sha shayinsa da idonsu, don kowa ya daina ƙyama. Ta zauna a benci ta sauke takunkumi.

Salmanu ya ɗauki kofi ya tsoma a bokiti. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi da ƙyar har idonsa ya kawo ruwa. Ya tsaya da kofin a hannu yana kallonta.

"Likita, ki gafarce ni," in ji shi. "Madara ta ƙare, kuma ganyen bai dahu ba. Wata rana."

Gwangwanayen madara suna jere a gabanta. Ta kalle su, ta kalle shi, ta ɗauka kunya ce. Ta yi murmushi ta ce ba komai, Allah ya ba da kasuwa. Ta shiga mota ta tafi.

Ni na yi faɗa a kan teburin nan fiye da kowa, amma a lokacin sai na ji daɗin duk ya fita. Na ce, "Kai Salmanu, ka ji tsoron Allah." Bai kalle ni ba. Masu lodi sun riga sun cika benci, na Kudan da na Ikara da namu, har da wani tsoho da ya zo da jikarsa a kafaɗa. Tsohon ya ce a ba yarinyar mai madara da yawa. Salmanu ya fasa gwangwani, ya zuba a kofin da ke hannunsa, ya miƙa mata.