Bisimillar da Inji ya Juya

Shekarar zaɓe ce. Tun da aka sakar wa jam'iyyu mara, babu bangon da ya huta a Zongo.

Moumouni yana da ordinatar guda, wato kwamfuta, a ɗan shagonsa kusa da masallaci, yana buga wa mutane takardu. Wani ɗan takara ya ba shi aikin afish, takardar talla da ake mannawa a bango: Bisimilla da Larabci a sama, alkawura da Faransanci a ƙasa. Karatun allonsa bai yi nisa ba, don haka ya roƙi Malam Tidjani, na'ibin liman, ya duba masa. Malam ya bi layin da yatsa a kan gilashin ordinatar, ya ce daidai ne.

A wata maɗaba'a a unguwar Vêdoko aikin ya ɓaci. Injinsu hagu zuwa dama kaɗai ya sani. Ya kora Larabcin ta hanyar Faransanci, ya tsinke haruffan ɗaiɗai, farko ya koma ƙarshe. Ma'aikatan ba sa karanta Larabci. Suka buga, 'yan jam'iyya suka manna.

Ana fitowa daga Juma'a, Wada mai babur ɗin haya ya tsaya gaban bangon.

"Jama'a, wa ya juya sunan Allah? Wannan ai tsafi ne!"

"Aikin mai ordinatar ne!"

Mutanen da ba su gama tasbihi ba suka yi shagon a guje. Aka fizgo Moumouni ta wuyan riga, aka haɗa fuskarsa da ƙyaure. Jini ya ɓalle masa ta hanci.

"Ku bari in kunna ordinatar! Wallahi a ciki daidai yake!"

"Kunna wa ubanka," in ji Wada, ya sauke ƙarfen kwance taya a kan gilashin. Ya ƙara. Wani ya ɗaga akwatin injin ya maka da ƙasa.

Shaida ɗaya ta rage. Moumouni ya hango Malam Tidjani a bakin masallaci, carbi a hannu.

"Malam! Don girman Allah, kai ka duba mini! Faɗa masu!"

Kowa ya waiwaya. Malam Tidjani ya dubi sanduna, ya dubi idanun da suka yi ja.

"Ɗana, kada ka sa ni cikin wannan."

Ya koma ciki.

"Da wane hannu ka rubuta?" Wada ya tambayi Moumouni. Bai jira amsa ba. Mutum biyu suka danne hannunsa na dama a kan dokin ƙofa, aka ɗauko bulo. Har bakin titi aka ji ƙarar ƙashin. Wasu kuma suna ta yage afish ɗin suna tattake shi cikin kwata, da sunan Allahn da suka ce suna karewa.

Jahilci ne, da tsoro, kuma na mai carbin ya fi muni, domin shi ya sani.

Jandarmomi sun iso bayan an watse. A asibiti likita ya warware tsumman da aka naɗe hannun da shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yatsa biyu kawai zai iya ceta.