Dukiyar Sabiru a Bakin Sabiru

Sabiru ya gyara zama a gaban tebur ɗin Madam Madina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar wanda ya saba da shiga biro, wato ofis. Babbar rigar da ya saka, rabonta da fitowa daga akwati tun sallar layya, ƙamshin kafur ma ya riga shi shiga.

Madam Madina dillaliyar hannun jari ce, ta zo Arlit daga Yamai, banki ya ara mata wani lungu da aka kare da falanki. Tun da aka sallami su Sabiru daga ramin uraniyum, kuɗin sallamarsa ke kwance a bankin, suna barci kamar mai su. Ya ji labarin wani asusu da ke zuba jari a kamfanonin neman ma'adinai, wai in an dace riba har ninki.

"Mushe Sabiru," in ji ta, da laƙabin girmamawa na Faransanci, "wannan da kake so yana da haɗari. Kuɗin na iya tafiya duka."

"Madam, rabin rayuwata a ƙarƙashin ƙasa na yi shi, ni da nakiya muna gaisawa kullum. Wane haɗari ne a takarda?"

Ta yi murmushi. "Ƙa'ida ce. Ba a sayar da shi sai ga wanda ko ya yi asara ba zai kwana da yunwa ba. Dole in san ƙarfinka. Ban da abin da ke banki, me ka mallaka?"

Sabiru ya buɗe baki. Gida biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Damagaram. Raƙuma a hannun amininsa Illi, can Gougaram. Rabin kamiyo, babbar mota mai jigila zuwa Agadas. Duk sun jeru a kan harshensa, sai ya ji wani tari daga bayan falankin.

Ya san tarin nan. Tarin Ramalan ne, ƙanen matarsa Zuwaira, mutumin da ke jin motsin kuɗi kamar yadda akuya ke jin motsin dusa. Falankin kuwa bai kai rufi ba.

Sabiru ya sauke ƙafarsa a hankali.

"Madam, me talaka ya mallaka? Sai rufin asiri."

"Gida fa?"

"Wata 'yar rumfa ce muke fakewa."

"Dabbobi?"

"Kaji biyu. Ɗaya ma ba ta da lafiya."

Ya ƙifta mata ido, ya nuna falankin da haɓa. Madam Madina ta dube shi da kulawa.

"Wani abu ya faɗa maka a ido?"

"Ciwon rami ne," ya ce da ƙarfi, don na waje ya ji. "Maganinsa ma ya fi ƙarfina."

Ta ajiye biƙ ɗinta na rubutu, fuskarta cike da tausayi. "Baba, ka ga irinku aka yi wa ƙa'idar nan. In na sa ɗan abin da ya rage maka a can, ban yi maka adalci ba, kuma hukuma ta karɓe mini izinin aiki. Akwai takardun bashin gwamnati, ribarsu kaɗan ce, amma za ka yi barci."

Daga Mushe ya koma Baba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya sunkuyo, ya rage murya. "Madam, akwai raƙuma."

"Na'am?"

Tarin ya sake tashi, wannan karon kusa da falankin.

"Na ce Allah ya ba mu raƙuma."

"Amin," in ji ta. Ta ce da yamma za ta kama hanyar Agadas, ya yi shawara da iyali, in ta sake zagayowa sai su yi magana.

A waje ya tarar da Ramalan a kan benci, yana shan sanyin banki kyauta.

"Yaya! Kai ne da babbar riga haka? Na ɗauka sabon gwamna aka kawo mana."

"Kai kuma me ka ajiye a banki, inuwarka?"

Suka fito tare. Sabiru na tafe yana lallashin kansa: asusun ya wuce shi, amma ya tsare gidansa daga ɓarawon cikin gida. Har mamaki ya kama shi da Ramalan ya ja shi wurin mai shayi, ya kuma biya da kuɗinsa.

"Yaya, wallahi ka iya. Kaji biyu! Saura kaɗan in yi kuka."

"Gaskiya na faɗa."

"Haba. Ni fa na raka Illi kasuwa ranar da ya sayo maka raƙuman. Kuɗin sallama kuwa, duk 'yan ajinku abu ɗaya aka ba ku, har mai shayin nan ya san adadin."

Mai shayi ya gyaɗa kai, bai ko ɗago ba.

Ramalan ya matso da kujerarsa. "To tunda Madam ta ƙi kuɗinka, kada su yi ta zaman banza. Akwai wata rijiyar zinariya can arewa, injin kawai muke nema. Ninki uku, Yaya. Ni ba ni da wata tambaya, ba sa hannu, ba hukuma."

Sabiru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya ce ko a mafarki. Sai da suka kai ƙofar gida ya tambaya, wai don sani kawai, nawa ne injin.

Injin Ramalan na uku ke nan da Sabiru ya saya.