Layi Bakwai da Biro

Mubarika ba ta taɓa ɗora biro kai tsaye a kan farar takarda ba. Tun tana firamare a unguwar Kukuo, inda malaminsu ke yin bulala ɗaya kan kowace kalmar da aka soke, ta saba rubutawa da fensir tukuna, ta goge da kilina, ta gyara, sannan ta bi sawu da biro.

Yau ne karo na uku da za ta zauna jarrabawar Turanci. Babanta ya yanke magana: in ta sake faɗuwa, ba ita ba makarantar nas, Kumasi za ta koma shagon gwaggonta. Zakir, wanda ya yi wata shida yana ɗauko ta a babur zuwa darasin da suke yi tare a unguwar Lamashegu bai iya furta abin da ke ransa ba, ya tare ta a bakin ƙofar makaranta; shi ma jarrabawar zai zauna.

"Hajiyar kilina, kawo fensirin nan in ajiye miki."

"Ji shi! Kai da rubutunka kamar kaji sun yi tono?"

"Kajin dai suna gamawa kafin a buga ƙararrawa."

"Zakir, ni sai maganar ta zo min da Dagbanci, in juya ta Hausa, sannan Turancin ya iso a gajiye. In ban gyara ba, kunya zan sha."

A ɗakin jarrabawa lambarsa ta faɗo bayanta daidai. Mai sa ido ya sanar sau biyu: abin da aka rubuta da fensir ba a duba shi.

Zakir ya yi ta zuba nasa, yana soke wannan, yana cusa wancan, har ya kai ƙarshe. Da ya ɗago, sai ya ga kafaɗarta tana rawa: tana goga. Garin kilina ya taru a gefen teburinta. Shafi biyu da rabi ta cika, duk da fensir, layukan a miƙe tsaf.

"Saura minti goma!"

Sai a lokacin ta cire murfin biro. Zakir ya yi tari. Mai sa ido ya harare shi. Ya sake tari, ko za ta ji ta hanzarta. Ita kuwa tana bin kowane harafi a hankali, har ma ta tsaya, ta ɗauki kilina, ta sake gyara wata kalma.

Da aka fizge takardar daga hannunta, layi bakwai kaɗai suka sha tawada.

A waje, gindin bishiyar dogon yaro, ta tsura wa yatsunta da suka yi baƙi ido.

"Wallahi ban taɓa rubuta abu mai daɗi irin na yau ba," ta ce. "Ba wanda zai karanta."

Zakir ya riƙe kan babur, bai tayar ba.

"Kumasi awa nawa ne a babur?" ya ce.

Ta hau bayansa, fensirin yana damƙe a hannunta.