Sunaye a Bangon Makaranta

Idris yana kankare bangon makaranta da bakin fartanya, ɓawon fenti na zubo masa a ƙafa. Ranar Laraba ce bayan azahar, yara sun tashi.

Shi da kansa ya sa aka yi rubutun. Bara malaman ƙauyen sai su zo Talata su koma Dogon Dutsi Alhamis, kamar masu cin kasuwa. 'Yarsa Husna ta shekara biyu a aji ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. Da aka zaɓe shi shugaban iyayen yara, ya kafe sai an rubuta kowane malami a bango: sunansa, garinsu, lambar wayarsa, da gidan da yake kwana, don wanda ya yi fashi a bi shi har ɗaki.

Bernard, sabon malamin da Idris ya ba masauki a gidansa, ya roƙe shi.

"Malam Idris, suna ya isa. Inda nike kwana, mi ruwan bango da shi?"

"Wanda ba ya da laifi, mi za shi ɓoyewa?" in ji Idris.

Dabarar kuwa ta ci. Fashi ya ƙare, Bernard ya buɗe wa Husna kai, har Idris ya ishi mutane da labarin karatunta.

* * *

Jiya a kasuwar Dumega ya ji mugun labari. 'Yan bindiga a kan babura sun shiga wani ƙauye na bakin iyaka da rana tsaka, suka tafi da malamin boko. Ba su taɓa kowa ba sai shi.

Ya goge lambobin. Ya goge "Dogon Dutsi". Yana kan goge nasa sunan a layin Bernard, inda aka rubuta gidan da malamin yake kwana, sai ya ji muryar Husna a bayansa, ta dawo daga rijiya.

"Baba, don mi kake ɓata shi? Ni dai na hardace shi duka."

"Ki mance shi. Kin ji ko?"

Ta yi dariya, tana gyara gammo.

"Ko ɗazu da sahe wasu baƙi biyu bisa babur sun tsaya nan. Manya da su, ba su iya karatun boko ba. Ni na karanta musu, tun daga sama har ƙasa, ban yi kure ko guda ba."

Fartanyar ta suɓuce daga hannun Idris.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce Allah shi yi mini albarka. Sun tambayi wane gida ne namu, na gwada musu."

Ta tsaya da tulu a ka, tana jiran ya yabe ta.